Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu tura yaranmu karatu ƙasashen waje daga jihar Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe iyayenmu da shugabanninmu. Ina nufin duk wanda yake da hannu a harkar ɗaukar nauyin ɗalibai zuwa waje a jihar nan, hukuma ce, ko 'yan siyasa masu gidauniya, ko attajirai da suke yi saboda Allah, har da ejan-ejan masu nemo wa yara gurbin karatu. Ina gaishe ku gaisuwa ta girmamawa, Allah ya saka muku da alheri kan dukiyar da kuke kashewa, domin ni kaina ba don irin wannan taimako ba da ban isa in taka jirgi ba balle in yi mastas a Ingila. Ni ɗan Gombe ne, a Jekadafari na tashi, iyayena daga Dukku suka zo. Na yi digirin farko a nan gida, aka tura ni arewacin Ingila a watan Satumba na 2023, na gama na dawo. Wannan wasiƙa ba tawa ba ce ni kaɗai, na rubuta ta ne da yawun 'yan uwana da muke guruf ɗaya a WhatsApp, wasu sun yi Ingila kamar ni, wasu Indiya, wasu Malesiya, wasu Masar da Sayifurus, kuma mun daɗe muna tattauna maganar a tsakaninmu.

Abin da ya tayar da ni shi ne hotunan da na gani a Facebook kwanan nan, ƙannenmu cikin shadda da hula suna riƙe da takardun admishan, an ce saura 'yan makonni su tashi. Na ji daɗi sosai wallahi. Sai na kira ɗaya daga cikinsu da na san gidansu na tambaye shi wane shiri aka yi musu, ya ce min an tara su wuni ɗaya an yi musu nasiha su zama jakadu nagari, su riƙe sallah, su guji ƙwaya da abokan banza, aka ci abinci aka ɗauki hoto aka watse. Abin da aka yi mana ke nan daidai, ba ragi ba ƙari. Nasihar mai kyau ce kuma muna buƙatarta, amma ita kaɗai ba ta isa guzuri ba.

Zan fara da Turanci don nan ne ciwon yake. Ana ɗauka tunda yaro yana da kiredit a Turancin WAEC ko NECO, kuma ya yi shekara huɗu a jami'a da Turanci, to shi ke nan ya iya. Jami'o'i da yawa a Birtaniya ma suna karɓar C6 na WAEC a madadin IELTS, wato jarrabawar gwajin Turanci da ake nema daga ɗaliban ƙasashen waje, sai ejan ya yi murna, mai ɗaukar nauyi ya yi murna an rage kashe kuɗi, yaron ma ya yi murna ya tsallake jarrabawa. Amma ku duba yadda ake jarrabawar furuci a WAEC ɗinmu, wadda sunanta na magana ne, a takarda ake yin ta, ka zaɓi A ko B ko C ko D ka cike da fensir, ba ka buɗe baki ka furta kalma ko ɗaya ba. IELTS kuwa kashi huɗu ce, sauraro da karatu da rubutu da magana, a ɓangaren maganar za ka zauna da mutum ido da ido na minti 11 zuwa 14 yana yi maka tambayoyi, a ɓangaren sauraro kuma sau ɗaya tak ake kunna maka muryar. Ko ba komai wanda ya zauna ya shirya mata ya san inda yake da rauni tun yana gida. Mu kuwa sai da muka sauka muka gane.

Ni a filin jirgi na fara ganewa. Ma'aikaciyar shige da fice ta yi min tambaya sau uku ban kama ko kalma ɗaya ba, ga layi a bayana, ga zufa tana keto min duk da sanyin da ake yi, sai da ta rage sauri ta nuna takardar da ke hannuna sannan na gane cewa adireshin inda zan kwana take tambaya. Kalmomin duk na san su, da rubuta min ta yi da nan take zan amsa. Kunnena ne bai taɓa jin Turanci a bakin masu shi da irin wannan sauri ba. Kuma Turancin arewacin Ingila daban yake da wanda muke ji a labaran BBC, direban bas da mai shago da mai gidan haya kowa da yadda yake haɗiye rabin kalma.

A aji abin ya fi haka nauyi. Makonnin farko waya nake ajiyewa a kan tebur ina naɗar lakca, da daddare in zauna in saurara ina tsayarwa ina komawa baya, lakcar awa biyu sai ta cinye min awa biyar, ga littattafan da aka ce a karanta kafin mako mai zuwa suna jirana. Sannan akwai zaman tattaunawa na mutum goma sha wani abu inda dole kowa ya yi magana, malami ya faɗi ra'ayinsa kai kuma a ce ka kawo hujjar da za ta rushe shi. Mu fa an raine mu a kan ba a musu da malami, ba a kallon babba cikin ido, ba a kiran sunansa gatsau. Can kuwa da sunansa na yanka ake kiran farfesa, shirunka kuma ana ɗaukarsa ko ba ka yi karatu ba ko ba ka damu ba. Na yi kusan mako shida ban ce uffan ba a wannan zama, amsar tana cikin kaina da Hausa, kafin in juya ta zuwa Turanci in tabbatar ba kuskure har an wuce wurin. Mastas ɗin Birtaniya shekara ɗaya ce kacal, mako shida ya kai rabin zangon farko.

Kada ku manta da irin yaran da kuke turawa. Yaron Dukku ko Nafada ko Bajoga da Fulatanci ya buɗi baki, na Billiri da Kaltungo da Tangale, na Deba da Tera, na Balanga da Waja, sannan ya koyi Hausa a unguwa da kasuwa, Turanci shi ne harshe na uku a wurinsa, wani ma na huɗu in ka haɗa da Larabcin Islamiyya. Yaron da ya riƙe harsuna uku kafin ya kai shekara goma ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai yi magana da Turanci ba tare da an yi masa dariya ba. A sakandare malami ya rubuta a allo da Turanci ya yi bayani da Hausa, in ka gwada yin Turanci da abokai a ce kana iyayi ko kana ƙaryar Bature, in ka yi kuskure a maimaita maka shi har ka gama makaranta. Da wannan tsoron muke shiga jirgi.

Sai maganar rubutu, wadda ita ce take kai mutane ƙasa a ɓoye. A nan gida mun saba da hadda, malami ya ba da handawut ka haddace ka mayar masa da abinsa ranar jarrabawa ka ci maki mai kyau. Can wannan laifi ne babba, satar fasaha suke kiransa. Duk aikin da ka miƙa sai ya bi ta manhajar Turnitin ta gwada shi da littattafai da maƙalu da ayyukan ɗaliban da suka gabata, duk jimlar da ka kwafo ta fito da launi. Wani ɗan uwanmu a guruf, mutum mai tsoron Allah da ko biro ɗin wani ba zai ɗauka ba, an kira shi gaban kwamiti a kan aikinsa na farko, don ya kwafo sakin layi biyu daga littafi saboda yana ganin Turancin marubucin ya fi nasa kyau, bai san akwai ƙa'idar nuna inda ka samo magana ba. Ya ce min da ya ga imel ɗin kwana biyu bai iya cin abinci ba. An yi masa sassauci an ce ya sake aikin amma makinsa ba zai wuce 50 ba, wanda shi ne mafi ƙarancin makin tsallakewa a mastas. Wannan abu ne da za a iya koya wa mutum cikin mako ɗaya a nan Gombe, kuma ba wanda ya koya mana.

Yanzu bari in zo kan kaɗaici, abin da ba ma son faɗa saboda kunya. Mu mutanen da muka tashi gidan yawa ne, ba ka taɓa cin tuwo kai kaɗai ba, in ka yi zazzaɓi kafin azahar mutum biyar sun leƙo ka. Sai ka tsinci kanka a ɗaki ɗan ƙarami, ƙofa a rufe, maƙwabcinka bai san sunanka ba kuma ba rashin kirki ba ne haka rayuwarsu take. A watan Disamba a garin da na zauna rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke haɗuwa kana tsakiyar lakca, ka fita da duhu ka dawo da duhu. Na tuna wani dare ina zaune kusa da hita da jaket a jikina, na dafa taliya ta caɓe don ban taɓa ɗora tukunya ba a gida, Inna ta kira ta bidiyo ina jin hayaniyar yara da kiran sallah daga masallacin unguwarmu a bayanta, ta ce ya karatu ya sanyi, na ce lafiya lau Inna komai daidai. Da ta kashe na daɗe ina hawaye. Ba zan iya gaya mata ba, don duk unguwa an san ɗanta ya tafi Ingila, kuma ta sayar da tumakinta ta saya min akwati da kayan sanyi. Ranar ƙaramar sallah kuma aji na tafi bayan an sauko daga idi, ba wanda ya san wata rana ce.

Akwai waɗanda abin ya wuce hawaye a wurinsu, suka daina fita, suka daina zuwa aji, barci ya ƙaurace musu. Jami'o'in can suna da ofishin masu ba da shawara kan damuwa kuma kyauta ne, ɗalibi ya riga ya biya kuɗin lafiya tun wajen neman biza, wanda a Fabrairun 2024 ya koma fam 776 a shekara, yana da damar yin rajista da likita a unguwarsu. Amma yaron da bai san da wannan ba, ko ya sani yana tsoron Turancinsa ba zai isa ya bayyana abin da ke zuciyarsa ba, ko yana ganin abin kunya ne namiji ya ce yana cikin damuwa, ina zai je? 'Yan uwanmu mata kuma nasu ya ninka namu. Wata a cikinmu ta ce ta yi wata biyu daga ɗaki sai aji, ba ta san akwai masallaci da shagon naman halal a bayan layinsu ba sai da ta haɗu da wata 'yar Pakistan a laburare.

Ga kuma kuɗi. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke farashinta, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500, fam kuma a cikin shekarar ya haura naira 2,000. Alawus ɗin da aka lissafa da naira tun kafin mu tashi sai ya koma bai kai rabin abin da aka yi niyya ba, kuma ko shi ɗin ba ya zuwa kan lokaci. Mai gidan haya a can ba ya jin a yi haƙuri zuwa wata mai zuwa, makaranta kuma in ba a biya ba sai ta rufe maka shafinka na intanet ka kasa shiga laburare ka kasa miƙa aiki, daga nan ta sanar da hukumar shige da fice. Duk mun ga abin da ya faru da ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside da ke Ingila a 2024, da aka dakatar da wasu aka ce su bar ƙasar saboda faɗuwar naira ta hana su cika kuɗin makaranta. Dokar biza ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, da yawanmu da shi muka rayu, aikin dare a sito ana ɗaukar kwali ko gidan kula da tsofaffi, ka tashi aiki ƙarfe shida na safe ka shiga lakca ƙarfe tara. Mutumin da yake fama da fahimtar lakca ido biyu, ya zai yi in yana gyangyaɗi? Na kira lambar da aka ba mu a gida ya fi sau goma a wata ɗaya, wani lokaci a ɗauka a ce ana kan aiki a kai, wani lokaci ba a ɗauka.

Kuma ba Ingila kaɗai ba. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ɗalibai 'yan arewa da yawa ne suka maƙale a Khartum, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar suka yi kwanaki a can kafin a samu shiga. Shekara ɗaya kafin nan an ga irinsa a Yukiren. Ranar da irin wannan ta faru tambayar farko ita ce yaranmu nawa ne a can, a wane gari, wace lamba za a same su. Ina roƙon kowane mai ɗaukar nauyi ya tambayi kansa ko yana da wannan amsar a rubuce yau.

To ranku ya daɗe ga abin da muke roƙo, kuma mun yi ƙoƙari kada mu roƙi abin da ya fi ƙarfinku.

Babban roƙonmu shi ne a ware aƙalla wata uku kafin tafiya a yi wa yaran nan horo na gaske, ba a fafe gora ranar tafiya. Ba sai an gina komai ba, muna da Jami'ar Jihar Gombe, muna da Jami'ar Tarayya ta Kashere, muna da kwalejin ilimi a cikin gari, duk akwai malaman Turanci da ɗakunan karatu. A horon nan a rage nahawu don sun sha shi, a cika shi da sauraro da magana, a kunna musu lakcoci na gaske da muryoyi iri-iri na Ingila da Indiya da Malesiya gwargwadon inda kowa zai je, a sa kowane ɗalibi ya tsaya gaban 'yan uwansa ya yi bayani na minti biyar kullum, a sa su musu da malami har su saba, a hana dariya. A koya musu rubuta imel ga malami, da yadda ake ɗauko maganar wani ka faɗe ta da kalmominka ka nuna inda ka samo, a gwada aikinsu a Turnitin tun a nan su ga launin da idonsu. Ko makarantar da za su je ta karɓi WAEC, a yi musu gwajin IELTS ko da na gwaji ne ba na satifiket ba, wanda aka ga yana ƙasa da maki 6 a sauraro ko magana a biya masa kwas ɗin share fage na Turanci da jami'o'in can suke yi na makonni kafin a fara zango. Kuɗinsa bai kai asarar a tura mutum ya faɗi ya dawo hannu rabbana ba.

Sannan a haɗa da abubuwan rayuwa da ake rainawa, girki ko da kala huɗu ne, karanta yarjejeniyar haya kafin a sa hannu, buɗe asusun banki, hawa bas da jirgin ƙasa, irin kayan sanyin da ake saya, da lambar da ake kira in ciwo ya kama mutum da dare. A gaya musu ƙarara cewa damuwa za ta zo kuma ba rashin imani ba ne, ba ragwanci ba ne, akwai inda ake zuwa.

Muna roƙon a daina tura yaro shi kaɗai garin da bai san kowa ba in akwai yadda za a yi. A tura su bibbiyu ko uku-uku, in bai yiwu ba a haɗa shi da wani ɗan gida ko ƙungiyar ɗaliban Najeriya ko masallaci ko coci a garin tun kafin ya tashi, a samu wanda zai tare shi a filin jirgi. A sa su isa mako biyu kafin a fara karatu, ba kamar ni da na isa an riga an yi mako guda ana lakca ba.

Maganar alawus kuwa, a lissafa shi da kuɗin ƙasar da yaro yake, a rubuta ranar biya a takarda kowa ya sa hannu, a biya na zango gaba ɗaya tun farkonsa. In kuɗin mutum ashirin zai yi wuya, gara a tura goma a riƙe su da kyau. Kuma a naɗa mutum ɗaya da sunansa da lambarsa wanda aikinsa ke nan, ya riƙa kiran kowane ɗalibi ko da sau ɗaya ne a wata ya ji lafiyarsa, ɗalibai mata a ba su mace, kuma ya riƙe sunaye da adireshin kowa a rubuce.

Mu da muka dawo ba mu zo da roƙo kawai ba. Mun yi magana a guruf kuma mutane da dama sun yarda za su ba da ranakun Asabar kyauta, mu zauna da ƙannenmu mu yi Turanci da su, mu duba rubutunsu, mu nuna musu takardun haya da na banki da muka dawo da su, waɗanda har yanzu suke can kuma su shigo ta bidiyo. Abin da muke buƙata daga gare ku shi ne ɗaki, da sunayen yaran da za su tashi a wannan karon, da izininku. Duk wanda ya ga wannan wasiƙa kuma yana da hanyar isar da ita ga masu abin, don Allah ya isar, saura makonni kaɗan su tafi.

Allah ya ƙara muku lafiya da girma, ya tsare mana yaranmu a duk inda suke.

Wassalam.

Ɗanku, a madadin 'yan uwansa ɗaliban Gombe da suka yi karatu a waje,
daga Jekadafari, Gombe.